Kati na sha huɗu ya ƙi ƙarewa

8 ga Janairu

Tun hutun Disamba nake haɗa wani ɗan littafi na kalmomin alkibla na Turanci saboda ɗalibaina na babbar sakandare. Kalma arba'in na ɗiba, kowacce da katinta. Katunan ma ba saye na yi ba, kwalayen sabulu da na taliya nake yankawa da almakashi in jera su a kwalin takalmi. Goma sha uku sun kammala. “Forward” tsakanin magariba da lisha na gama da ita, don haka na ɗauka “backward” ma haka za ta yi: in rubuta “da baya”, in kawo misali biyu, in wuce.

Yau da rana ina duba takardun gwaji na ci karo da abin da ya taka min birki. Na ba su “The boy is backward in reading” su fassara. Wani ya rubuta, “Yaron yana karatu yana tafiya da baya.” Wani kuma, “Yaron yana fara karatu daga ƙarshen littafi.” Mutum uku kacal suka gane cewa yaron bai kamo tsararrakinsa a karatu ba ne. Har na ɗaga jan biro zan soke sai na fasa, domin abin da na koya musu ke nan da bakina: backward, da baya.

11 ga Janairu

Kwana biyu ina kwafe jimloli daga littattafan karatu, jaridu da tsofaffin takardun jarrabawa, duk inda kalmar ta fito. Da na baje su a tabarma sai suka rabu da kansu. Akwai na jiki, mutum yana tafiya fuskarsa na kallon inda ya baro, wato da baya-baya. Akwai na jeri, a ƙirga daga goma zuwa ɗaya, inda Hausa ba ta da abin cewa sai “daga ƙarshe zuwa farko”. Akwai na lalacewar al'amari, ci baya ko koma baya. Akwai wata ma'ana da ban taɓa koya wa kowa ba, ta mai noƙewa, mai jin nauyin mutane. Sai kuma ta yaron da ya jawo min wannan aiki.

A kan na sutura aka yi gardama a gidan nan. Na rubuta “He wore his shirt backwards: ya sa riga a baibai.” Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, wannan ai ba baibai ba ne. Baibai shi ne a juyo cikin riga waje, ɗinki ya fito fili. Wannan gaba ya mayar baya.” Na ce duk baibai ake cewa. Ba ta tanka ba, ta ɗauko rigar autanmu daga kan igiya, ta juya ta ciki-waje ta ɗaga min, ta gyara, ta sake juya wuyan baya ta ɗaga min, ta ce, “Ɗaya ne?” Turanci dai yana bayanta, don ya raba su: na farko “inside out”, na biyu “backwards”, kodayake Turawan Ingila sun fi cewa “back to front”. Na bar baibai a katin na ƙara bayani da fensir a gefe. Ni a unguwarmu na tashi ina jin ana faɗarta ga duka biyun, ita kuma ta rantse ba haka ake yi a gidansu ba.

15 ga Janairu

Asali. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar a 1066, “bæc” shi ne gadon baya, “on bæc” kuma zuwa baya. Yau da gobe “on bæc” ta narke ta zama “aback”, aka liƙa mata “ward” ta zama “abakward”, daga bisani harafin farko ya faɗi. Wajen shekarar 1300 “backward” ta fara bayyana a rubuce. Ita “aback” ba ta mutu ba, tana nan maƙale a “taken aback”, wato mamaki ya daskarar da mutum. Maganar matuƙan jirgin ruwa ce, lokacin da iska ta juyo ta bugo ƙyallayen jirgi ta gaba, ta manna su da sandunansu, jirgi ya tsaya cak.

Shi kuwa “ward” tsohon “weard” ne, mai fuskantar wuri kaza. Shi ne a forward, toward, homeward, kuma ɗan'uwansa na nan a Jamusanci: vorwärts gaba, rückwärts baya.

Wannan sashe ya fi kowanne sauƙin koyarwa, domin Bature da Bahaushe wuri ɗaya suka je ɗebo kalmar, wato jikin mutum. Mu ma daga kai muka sami “kan tebur”, daga ciki “cikin ɗaki”, daga baki “bakin kogi”, daga gindi “gindin bishiya”, daga baya “bayan gari”. Na gwada a aji yau, na dafa gadon bayana na ce “back”, na nuna hanya da hannu na ce “ward”. Ba wanda ya nemi in maimaita.

19 ga Janairu

Wata ɗaliba ta tare ni a baranda. “Malam, wanne ne daidai, mai s ko marar s?” Ta ce ita a zatonta backwards jam'i ne. Ba ita kaɗai ba, na tabbata.

Wannan s ɗin ba ta jam'i ba ce. Tsohuwar alamar mallaka ce da Turawan dauri ke liƙa wa kalma su mayar da ita bayanau. Ita ce a always da towards, ita ce ma a once da twice, sai dai can an sauya mata rubutu. “Backwards” ta fito a rubuce a farkon ƙarni na 16, kimanin shekara 200 bayan yayarta. Ƙa'idar da zan sa a kati gajeriya ce. In sifa ce a gaban suna, babu s: a backward step, a backward glance. In bayanau ce, duka biyun sun halatta, Ingila ta fi son mai s, Amurka ta fi son marar s. Tunda Turancin makarantunmu na Ingila ne, mai s zan fara kawowa.

Na kuma ga Shakespeare ya taɓa mayar da ita suna sukutum, inda ya ce “the dark backward and abysm of time”, wato duhun can baya na zamani. Ba zai shiga kati ba. Na rubuta a nan ne don kada in manta.

26 ga Janairu

Yau ba don aikin na fita ba, amma yau na fi samu.

Ƙanena direba ne, yana jigila tsakanin Zariya da Kano. Motarsa ta fara gardamar shiga ribas, sai na raka shi gareji. Bakanike ya zauna a kujerar direba, ya taka kuloci, ya ja giya, ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya saki ya sake takawa sannan ta shiga. Yaronsa na tsaye a bayan motar yana ɗaga hannu: “Taho, taho, karya dama, taho, taho... ya isa!” Ya doki bodi da tafin hannu. Abu biyu na lura da su. Na farko, mota tana tafiya da baya amma yaron “taho” yake cewa, domin a wurinsa zuwa take yi. Na biyu, awa biyu muka yi a wurin, ban ji wanda ya ce “giyar baya” ba. Ribas kowa ke cewa, har da mai sayar da ruwa. Wani direba ɗan Maraɗi da ke jiran tasa motar ya ce su a can da Faransanci suke faɗa, “marche arrière”.

Na dawo gida na bi sawun ribas. “Reverse” ce, ba gardama. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci “revers”, shi kuma daga Latin “revertere”, wato “re” komawa da “vertere” juyawa. Abin dariya, Faransawan da aka aro kalmar a wurinsu ba ita suke kiran giyar da ita ba. Amma abin da ya sa na miƙe zaune shi ne da na koma kan “ward”. Masana asalin kalmomi sun mayar da “ward” da “vertere” ga saiwa guda, wata tsohuwar kalma mai nufin juyawa a harshen da Latin da Jamusanci da Turanci duk suka tsiro daga gare shi. Ke nan backward “juyawa baya” ce, reverse ma “juyawa baya” ce. Ɗaya ta biyo ta dangin Jamusanci, ɗaya ta biyo ta Rum da Faransa, suka yi dubban shekaru ba su ga juna ba, sannan suka haɗu a rubutun Ingila kusan lokaci ɗaya, don ita ma reverse wajen 1300 ta shigo. Ɗaya ta tsaya a aji tana ba ɗalibaina wahala, ɗaya ta sauka a tasha ta zama Bahaushiya. Convert, version, anniversary, duk 'yan ɗaki ɗaya ne da su.

Na kira ƙanen nawa ina ta zuba masa bayani. Ya saurara har na gama, ya ce, “Yaya, to wannan binciken zai sa giyar ta shiga?”

Abin da zan ƙara a kati: reverse tana zama aikatau, backward ba ta zama. Na sha ganin “he backwarded the car” a takardun yara. Sai kuma “reverse back” da ta cika bakin mutanenmu, wadda tamkar a ce “ya koma baya da baya” ne.

30 ga Janairu

Ƙaramar tsintuwa. “Awkward”, da muke fassarawa da rashin fasali ko abin da ke sa mutum jin nauyi, ita ma 'yar gidan ce. “Awk” daga harshen mutanen Arewacin Turai na da ta fito, ma'anarta abin da aka juya ba daidai ba, kuma a ƙarni na 14 awkward na nufin ta bauɗaɗɗiyar hanya. Baibai ke nan tsaf. Na nuna wa uwargida, ta ce wannan bai canza komai a kan maganar riga ba.

6 ga Fabrairu

Na shiga rami, kuma Hausa ce ta jefa ni, ba Turanci ba.

Ina rubuta ma'anar lokaci: “looking backward”, duban abin da ya wuce. Na sa “waiwayen baya”, na kawo “shekarun baya” da “kwanakin baya”. Lafiya lau, abin da ya wuce yana bayanmu, mu da Bature mun yarda. Sai alƙalamina ya rubuta “don 'yan baya su amfana”, na tsaya ina kallonsa. 'Yan baya ai ba su zo ba tukuna. “Daga baya” ma haka, abin da zai biyo ne. “Bayan sallah” gaba take da yau. Wato kalma ɗaya muke nuna jiya da ita, mu nuna gobe da ita, kuma ba Bahaushen da ya taɓa ruɗewa.

Na yi kwana biyu kafin in ga bakin zaren. Hoto biyu ne. A na farko ni ne matafiyi, abin da na wuce yana bayana, shi ne “shekarun baya”. A na biyu ayari ne, magabata suna gaba, mu muna biye, masu zuwa suna bayanmu, su ne 'yan baya. Shi ya sa kakanni suke “magabata” alhali zamaninsu yana “baya”. Yaron gareji ne ya dawo min a rai, mai cewa “taho” ga motar da ke ribas.

Turanci ma bai tsira ba. Na rubuta a allo, “The meeting on Wednesday has been moved back two days,” na ce kowa ya rubuta ranar taron a takarda. Aji ya rabu, wasu Litinin, wasu Juma'a, aka kusa ba hammata iska. Yawancin Turawa Juma'a za su fahimta, wato an ɗage, amma su ma suna saɓawa a kai. Shawarar da zan sa a littafin: wanda ke son a fahimce shi ya ce “earlier” ko “later”, ya huta.

9 ga Fabrairu

Ban taɓa kwalin ba. Makin gwaji, ga mura, ga ƙurar hunturu ta shiga har cikin katunan.

15 ga Fabrairu

Na dawo kan jimlar da ta fara tsayar da ni. Ma'anar “wanda bai ci gaba ba” ba tsohuwa ba ce kamar sauran. Kalmar ta yi kusan shekara 400 a rubuce kafin a fara auna mutane da ita, a ƙarshen ƙarni na 17. Daga nan ta yi ƙarfi. A rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka “backward races” da “backward areas” maganar yau da kullum ce, a makarantun Ingila kuma “backward child” sunan aiki ne da malamai da likitoci ke rubutawa a takarda ba tare da jin komai ba. Hoton da ke ƙarƙashinta shi ne hanya ɗaya ce tak, kowa a kanta yake, mai magana kuma shi ne a kan gaba.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara jin kunyarta. Shugaban Amurka Truman, a jawabinsa na kama mulki ranar 20 ga Janairun 1949, “underdeveloped areas” ya ce. Ita ma ta tsufa, aka koma “developing”, wadda gidajen rediyonmu suka mayar “ƙasashe masu tasowa”. Indiya ce ta riƙe tsohuwar kalmar a hukumance. Tsarin mulkinta yana maganar “backward classes”, an kafa hukumar Mandal a 1979 don ta tantance su, ta miƙa rahoto a 1980, a 1990 gwamnatin V. P. Singh ta ware kashi 27 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya ga waɗanda ake kira Other Backward Classes. Har ta kai wasu al'ummomi suna zanga-zanga don a sa su a jerin. Kalmar da take zagi a Landan ta zama takardar neman aiki a Delhi. Mu a nan an kauce mata, aka ce “educationally less developed states”, jihohin da ake ware wa kashi 20 cikin ɗari na gurabe a jami'o'in tarayya, kuma akasarinsu namu ne na Arewa. Don haka ba daga nesa nake kallon wannan kalma ba.

Wajen fassara na daɗe. Na gwada “daƙiƙi”, na soke, ya yi zafi kuma ba shi ake nufi ba. “Mai koma baya” bai zauna ba, don yaron ba komawa yake yi ba, tafiya yake a hankali. Na tsaya a kan “an bar shi a baya”. Ina sane ba daidai suke ba. Turancin ya mayar da abin halin yaron, kamar tsawo ko launi. Hausar ta ce akwai waɗanda suka tafi suka bar shi, kuma wanda aka bari yana iya tarar da ayari. A matsayina na wanda ke tsayawa gaban yara fiye da saba'in a ɗaki ɗaya, na san wacce ta fi kusa da gaskiya. Bahaushe dama bai taɓa yarda cewa gaba kullum alheri ce ba, shi ya sa yake da ci gaban mai haƙar rijiya, kuma ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A katin zan sa gargaɗi da jan biro: ku gane ta in kun gani, kada ku kira mutum da ita.

18 ga Fabrairu

Wurare biyu da kalmar ba ta da aibi ko kaɗan, kuma nan mai fassara zai fi yin ɓarna. “Backward integration” tana yawan fitowa a labaran tattalin arzikinmu tun da gwamnati ta fito da tsarin a harkar siminti a 2002, daga baya aka bi da sukari. In aka ce “haɗin koma baya” an kashe maganar. Nufinta kamfani ya koma tushen kayan aikinsa, mai tace sukari ya noma rakensa da kansa maimakon ya shigo da ɗanye daga waje. Sai “backward compatible” ta masu kwamfuta, sabuwar na'ura da ba ta ƙyamar tsohon kaya. Duka biyun yabo ne.

22 ga Fabrairu

Na kai wa malaminmu na allo gaisuwa, tsufa ya kama shi sosai. Hira ta kawo mu kan aikin, na ce, “Allah gafarta Malam, Turawa fa cewa suke Larabci da ajami backwards ake rubuta su, wato ta baya.” Ya yi murmushi, ya jawo wani allo da ke jingine, ya ɗora yatsa a kusurwar dama ta sama inda Bismillah take. Ya ce, “Nan ne farko. Ku 'yan boko ne kuke farawa daga inda muke ƙarewa.” Na ce haka ne, Malam.

A hanyar dawowa motar asibiti ta biyo bayan wadda na hau, an rubuta AMBULANCE a goshinta a juye. Na leƙa madubin direba, ga ta nan tana karantuwa daidai. Misalin da zan sa ke nan a ƙarƙashin “written backwards”, don kowane yaro ya taɓa gani. Na ajami kuwa ba zan sa ba.

1 ga Maris

Na kai kwalin wurin mai buga takardu don ya auna min shafuka. Ya ce in kowace kalma za ta ci abin da wannan ta ci, kuɗina ba zai kai kalma ta ashirin ba. Kati ɗaya ya zama tara, an ɗaure da roba.

Na zauna na rage. Karin magana uku suka tsira: “bend over backwards”, mutum ya yi iya yinsa har ya takura kansa don wani, “know it backwards”, ya haddace kamar Fatiha, da “not backward in coming forward”, wanda ba ya jin nauyin kutsa kai. Na yar da labarin ƙararrawar coci da Turawan dauri ke kaɗawa “backward”, daga mai kauri zuwa mai siriri, in gobara ta tashi ko an kawo hari. Na so shi, amma ba ɗalibin da zai ci maki da shi. Indiya ta koma layi biyu. Ribas ta samu akwatinta a gefen shafi, don ita ce za ta sa yaro ya karanta sauran. Maganar 'yan baya na cire ta gaba ɗaya na ajiye a wani ambulan, ta fi ƙarfin wannan littafi.

Na sake ba ajin nan jimlar farko, na haɗa da wasu biyar, kowacce da ma'anarta. Ta yaron ba wanda ta kayar. Ta riga ce ta kayar da kusan rabin aji, duk sun rubuta baibai, kuma har yanzu ban yanke ko in ba su maki ba.

Kati na sha biyar “toward” ne. Na leƙa shi da daren nan, na ga “untoward” da “froward” suna zaune a bayansa, na mayar da murfin kwalin.